Larabar da Kawu Ya Kira Ni

A shekarata ta biyu a Manchester na bar unguwar Withington saboda hayaniyar ɗalibai ta ishe ni, na kama ɗaki a unguwar Gorton, a saman wani tsohon gida cikin jerin gidajen jan bulo masu manne da juna. Digiri na uku nake yi a fannin fiziks. Idan mutanen gida suka tambaye ni me nake karantawa sai in ce gilashi, su ɗauka kofuna da tagogi nake koyon ƙerawa, ni kuma in bar su a haka don bayanin yana da tsawo.

Ga ainihin aikin. Muna da wasu ƙwayoyin roba ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da na'ura. Sai mu zuba su cikin wani irin mai. In sun yi kaɗan, man yana gudu kamar ruwa. In aka yi ta ƙarawa, akwai inda za a kai su cunkushe, kowace ƙwaya maƙwabtanta sun tsare ta, ba ta da wurin zuwa sai ɗan kaɗawa a inda take. Daga nan abin zai daina zuba, ya tsaya kamar ya daskare, alhali in ka leƙa cikinsa babu wani tsari, a hargitse suke yadda suke tun suna ruwa. Wannan shi muke kira gilashi, don gilashin taga ma haka cikinsa yake. Abin da aka ɗora mini shi ne in gano yadda yake sauyawa idan aka bar shi ya daɗe ba a taɓa ba. Ke nan rabin aikina jira ne. In cika 'yar kwalba, in rufe, in ajiye ta ƙarƙashin na'ura a wani ɗaki marar taga can ƙasan ginin sashenmu, in yi ta ɗaukar hoto ina duba wace ƙwaya ce ta gusa.

Ba ni da kowa a ƙasar sai Kawu, ƙanen mahaifiyata, da matarsa da nake kira Anti. A Birmingham suke, unguwar Handsworth. Kawu ya shekara ashirin da ɗoriya yana koyar da balagar Larabci a wata jami'a a gida, wato ilimin iya magana da tsara ta. Sai da ya ba hamsin baya ya samu damar zuwa yin digirin da ya daɗe yana buri. Tambayar da ta dame shi ita ce, kafin malaman Larabawa su rubuta nasu littattafan, me mutanen Antakiya da Iskandariyya da Gazza suke koya wa 'ya'yansu game da iya magana a ƙarnonin ƙarshe na daular Rum, kuma me ya tsallaka daga Girkanci zuwa Siryananci, harshen Kiristocin yankin a wancan zamanin, daga nan zuwa Larabci. Saboda wannan, da furfurarsa ya zauna aji ɗaya da 'yan shekara sha tara yana koyon baƙaƙen Girkanci. 'Ya'yansu biyu duk sun yi aure a gida, don haka daga shi sai Anti, wadda ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa tun ina zanen goyo bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce mini.

Duk sati biyu nakan hau bas ranar Asabar da safe in tafi wajensu, in kwana ɗaya in dawo. Gidan ƙarami ne, falon gaba ya cika da littattafai har kan kujeru, sai ka ɗauke wani kafin ka zauna. Anti ta tuƙa tuwo, ta kaɗa kuka da daddawar da ake aiko mata daga gida, shi kuma ya hana mu cin abinci cikin kwanciyar hankali. Mutum ne mai magana. Ba surutun banza ba, amma ba ya iya ganin kunne a zaune ya ƙyale shi. Zai ba mu labarin yadda malaman wancan zamanin suke horar da ɗalibai, yau a ce ka yabi abu, gobe ka kushe shi da hujja, jibi a ce ka shiga bakin wata uwa da ta rasa 'ya'yanta ka faɗi abin da za ta faɗa. Akwai wani tsohon malami na Antakiya da ya fi so, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ƙorafin ɗalibai sun guje shi sun tafi koyon aikin lauya. In Kawu yana ba da labarinsa sai ka rantse maƙwabcinsa ne a Kano.

"Malam, tuwon nan fa zai huce," in ji Anti.

"Bari in ƙarasa mata wannan."

Ba ya ƙarasawa.

Lokacin da zan fara gabatar da aikina gaban malaman sashenmu, tsoro ya hana ni sukuni. Ya sa na tsaya a tsakiyar falo na yi masa jawabin. Ban kai minti biyu ba ya ɗaga hannu.

"Uwata, wa kike yi wa magana?"

"Malamai, Kawu."

"A'a, takalminki kike yi wa magana. Ɗago kanki. Kuma ki fara da abin da suka sani, sannan ki ja su zuwa abin da ba su sani ba. Sake."

Sau biyar na sake. Bai san komai game da ƙwayoyin roba ba, amma duk inda na yi rufa-rufa da manyan kalmomi sai ya tsayar da ni ya ce nan ban gane abin da nake faɗa ba, kuma gaskiyarsa ce. Ranar da na yi jawabin, shugabar bincikena, wata Baturiya da yabo ke yi mata wuya, ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce ya yi kyau.

Sau ɗaya muka taɓa saɓawa. Ya karanta mana fassarar wani jawabin yabon sarki da yake aiki a kai, ni kuma ranar a gajiye nake, gwajina ya lalace sau biyu a jere.

Na ce, "Kawu, mutanen nan fa maroƙa ne. Ƙasa tana wargajewa, su suna jera kalmomi. Me wannan ya tsinana wa kowa?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Wataƙila kin yi gaskiya a kan rabinsu. Amma a cikin yabon nan ne kaɗai gari yake samun wanda zai roƙi sarki ya sassauta wa mutane, ko ya yafe musu laifi. Mai yabon ya san abin da yake yi. Ki karanta kafin ki yanke hukunci."

Ban karanta ba, ban kuma ba shi haƙuri ba. Washegari shi ya raka ni tashar bas kamar kullum, ya sayo mini ayaba a shagon wani ɗan Jamaika da suke gaisawa.

Da sanyi ya fara shigowa a shekarata ta uku, na fara gwajin da digirin nawa duka ya dogara a kansa. Sati shida zai ɗauka, kuma akwai awannin da dole in kasance a gaban na'ura, har Asabar da Lahadi. Na'urar ta mutane da yawa ce, na jira watanni kafin layi ya zo kaina. Na gaya wa su Kawu ba za su gan ni ba sai na gama. Ya ce ba komai, shi ma yana fama da babi na biyar na kundin digirinsa. Yakan kira ni jefi-jefi, wani lokacin don kawai ya karanta mini jimlar da ta ba shi dariya.

Ranar Laraba ta sati na biyar, bayan azahar, ina ƙasa ni kaɗai, hannuna cikin safar roba, wayata ta yi ƙara a kan tebur. Na danna da gwiwar hannu.

"Kawu, ina wuni?"

Sannan na ji ya ce, "Uwata. Kujera. Kujerar nan ba ta... ranar... ba ta."

Muryarsa ce, amma a ja take, kalmomin kuma ba su haɗu da juna ba. Ɗakin nan na ƙasa waya ba ta kamawa sosai, kullum magana tana yankewa. Na kuma ɗauka ko wata karyayyar fassara ce yake karanta mini. Saura minti goma in ɗauki awo.

Na ce, "Kawu, ba na jin ka sosai, ina ƙasa ne. Bari in gama in kira ka."

Ya sake faɗin wani abu da ban gane ba. Na kashe wayar.

Na ɗauki awon. Da na fito, shugabata ta tare ni ta ce mu duba hotunan satin tare, muka zauna har yamma. Ban tuna da shi ba. Wannan ita ce gaskiya, ba wai na yi niyya na fasa ba ne, mantawa na yi. Wajen shida da rabi ina cikin bas za ni Gorton, Anti ta kira ni tana ihu. Ta dawo daga aiki ta same shi kwance a ƙasa tsakanin tebur da ƙofa, bakinsa ya karkace, ba ya iya tashi.

Na sauka a tasha ta gaba, na tsallaka titi na hau bas mai komawa cikin gari, na shiga jirgin ƙasa. A asibitin wani likita ya shigar da mu wani ɗan ɗaki ya zaunar da mu. Ya ce jini ne ya daskare ya toshe jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Ya tambayi Anti yaushe ta gan shi lafiya na ƙarshe. Ta ce ƙarfe bakwai na safe, yana shan shayi, har ya tsokane ta kan hular sanyinta. Likitan ya gyaɗa kai ya ce akwai maganin da ke narkar da jinin, amma sai a cikin 'yan awannin farko yake aiki, kuma hoton da suka ɗauka ya nuna abin ya daɗe da faruwa. Ya ce da an kawo shi da wuri da wataƙila labarin ya bambanta, wataƙila kuma bai bambanta ba.

Ina zaune, wayata tana aljihun rigar sanyina, lokacin kiran yana rubuce a ciki. Ban fito da ita ba.

Kawu ya rayu, amma hannunsa da ƙafarsa na dama sun shanye, maganarsa kuma ta tafi. Yana gane yawancin abin da ake faɗa masa, kana gani a idonsa. In ya buɗe baki zai amsa, sai ya rasa kalmar, ya yi ta nema, goshinsa ya yi gumi, daga ƙarshe ya buga hannun hagu a kan katifa. Kalmomi biyu suka rage masa da yake iya fitarwa da kansa, "to" da "Uwata". Da su yake kiran kowa da komai. Anti Uwata ce, ma'aikaciyar jinya Uwata ce, in yana son a gyara masa filo ma Uwata zai ce. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, in aka fara masa surar da ya haddace tun yana yaro, zai karɓa ya kai ta ƙarshe ba tuntuɓe. Ya gama, ka tambaye shi ko yana jin ƙishirwa, ya kasa cewa e.

Haɗiya ma ta lalace. Ruwa tsinkakke yana wuce masa ta maƙogwaron iska, ya shaƙe shi. Don haka duk abin da zai sha sai an zuba wani farin gari a ciki ya yi kauri. Kawu mutumin shayi ne, a gida yakan sha kofi biyar a wuni. Ranar da aka fara kawo masa shayi mai kauri kamar kamu, ya kurɓa sau ɗaya, ya ture kofin da bayan hannu har ya zube a kan bargo. Daga nan ya kafe. In ya hango kofin sai ya juya fuska bango. Leɓɓansa suka tsattsage, ya rame, aka koma sa masa ruwa ta jijiya.

Na yi kwana uku ina kallon kofunan nan, sai na lura da abin da idona ya saba gani a wajen aiki. Wanda aka haɗa yanzu da wanda ya yi awa ɗaya a kan tebur ba kauri ɗaya suke ba. Na biyun har cokali yana tsayawa a ciki. Na je na samu ma'aikaciyar da ke koya masa magana da haɗiya, wata mata 'yar Indiya mai haƙuri. Na gaya mata aikin da nake yi, na tambaye ta da me suke auna kaurin. Ta ɗauko sirinji marar allura, ta cika shi, ta saki bakin na daƙiƙa goma, ta toshe, ta nuna mini abin da ya rage a ciki. Ta ce shi ke nan awon.

Na ce, "In muka dama masa abin sha na gida ya kai wannan kaurin daidai, za ki yarda ya sha?"

Ta ce in na kawo ta auna da hannunta, za ta yarda. Ta gargaɗe ni cewa yawu yana tsinka irin wannan abin sha, don haka a riƙa zuba masa kaɗan-kaɗan a ƙaramin kofi.

Ranar ni da Anti muka wuni a kicin. Ta dama kunun gyaɗa, muka tace sau biyu don kada a samu gudaji ko ɗaya. Na jera kofuna a kan kanta ina aunawa da zafinsa, ina sake aunawa in ya huce, don kunu yana ƙara kauri in ya sha iska. Sai a damu na huɗu muka dace. Na rubuta mata yawan gari da yawan ruwa a takarda, ta manna a jikin firji. Da muka kai, matar ta auna, ta ce a ba shi. Ya shinshina, ya dubi Anti, ya buɗe baki. Ya shanye ƙaramin kofi biyu. Anti ta fita baranda ta yi kukanta ta dawo.

Gwajina kuwa ya tafi. Shugabata ta sa wani ɗalibi ya ci gaba da ɗaukar awon, amma an rasa kwana biyu a tsakiya, kuma wani ya motsa kwalbar garin goge tebur. In aka girgiza irin wannan abin, duk tsufan da ya yi ya goge, sai a fara daga farko. Ta gaya mini a waya cikin lallashi, tana jiran in yi kuka. Na ce mata na gode, na kashe.

Bayan wata biyu aka sallame shi. Tunda ba ya iya hawa bene, muka kwashe littattafan falon gaba muka kai sama, aka kawo gadon asibiti aka kafa a wurinsu. Yana zaune a keken guragu yana kallo muna fita da kwalaye. Da na ɗauki wani ƙamus mai baƙin bango sai ya yi ƙara, "Uwata! Uwata!" Na mayar na ajiye masa a kan taga. Bai ƙara iya karanta shi ba, amma nan ya zauna. Ma'aikatan ƙaramar hukuma suna zuwa safe da yamma su taimaka wajen wanka da juya shi. Anti ta rage kwanakin aikinta. Ni kuma na koma zuwa duk Juma'a da yamma in koma Litinin da sassafe.

Wata Asabar malamin da ke duba aikinsa ya zo gaishe shi. Wani dogon tsoho ne Bature, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce masa, safarsa ɗaya ta huje a ɗan yatsa. Ya zauna gefen gadon ya yi ta magana kan yanayi da labaran sashensu, Kawu yana cewa to, to. Can sai tsohon ya fara karanta wani abu da ka cikin Girkanci, a hankali. Na ga idon Kawu ya buɗe. Ya karɓe daga bakinsa, ya ja layi uku ko huɗu, muryarsa ta da, har da ɗaga hannun hagu. Tsohon ya yi farin ciki, ya matso ya tambaye shi da Turanci me yake gani game da wannan wurin, tunda sun taɓa musu a kai. Kawu ya buɗe baki. Muka jira. Ya rufe, ya sake buɗewa. Sai hawaye suka zubo masa ta ido ɗaya. Tsohon ya riƙe hannunsa ya daɗe, sannan ya tashi ya tafi ko shayin da aka zuba masa bai sha ba.

Yammacin ranar ne na kasa ci gaba da riƙe abin. Muna kicin, Anti tana dama kunu, ni ina riƙe da rariya.

Na ce, "Anti, ranar da abin ya same shi ya kira ni. Da azahar. Na ji maganarsa ba daidai ba, na ce masa zan kira shi. Ban kira ba."

Ba ta daina damawa ba. Ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Tun ranar. Wayarsa tana kusa da hannunsa, na duba. Ke ya kira. Ya san tawa tana kulle a akwatin wajen aiki."

"Me ya sa ba ki ce mini komai ba?"

"In ce me, 'yar nan? In ce ki mayar da ranar?" Ta sauke tukunyar. "Ba zan ɓoye miki ba, na yi sati uku ba na son ganin fuskarki. Sai in tuna ni ma da safen nan ya ce mini kansa yana sarawa, na ce ya sha magani, na fita don kada bas ya wuce ni. Ban ce miki na huce gaba ɗaya ba. Wata ranar yana dawo mini. Matso da rariyar."

Na matso da ita, muka tace kunun.

Da na kai masa, na durƙusa gefen gadon na gaya masa shi ma. Na ce ya kira ni ban saurare shi ba, ya yafe mini. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To." Ita ce kalmar da yake faɗa in an tambaye shi ko a kashe fitila, ita ce kuma yake faɗa in ya ji haushi. Har yau ban san wacce ce ba.

Haka muka yi bazara. Ya ƙaru da kalmomi kaɗan, ruwa, sanyi, a'a. Ya iya tsayawa da sanda na ɗan lokaci. In rana ta fito Anti takan tura shi zuwa wurin shaƙatawa na unguwar, tsofaffin da ya saba hira da su a bakin masallaci su tsaya su gaishe shi. Da farko suna daɗewa, daga baya gaisuwar ta gajarta, don mutane ba su san yadda ake zama da wanda ba ya amsawa ba. Jami'a ta ba shi hutun shekara ɗaya. Da shekarar ta kusa cika aka aiko takarda cikin ladabi cewa in ba zai iya komawa karatu ba, za a rufe rajistarsa, kuma izinin zamansu a ƙasar a kan karatun yake. Muka fara maganar yadda za a kai shi gida, wane jirgi ne zai ɗauke shi, wane likita zai karɓe shi a Kano. Anti ba ta karanta masa takardar ba, amma ya gan ta a kan tebur, ya kuma gane tambarin.

Ba mu kai ga tafiyar ba. Da sanyi ya dawo sai ya fara tari. Duk kulawar da muke yi, wani abu yana sulalewa cikin huhunsa kaɗan-kaɗan, ko yawunsa ma ya isa, in ji likita. Zazzaɓi ya rufe shi, aka mayar da shi asibiti. Na yi kwana huɗu a wajensa. Ranar Lahadi ya ɗan ji sauƙi, har ya sha kunu, sai Anti ta ce in je Manchester in ga shugabata in dawo, tunda ta daɗe tana nema na. Litinin da hantsi na gama da ita na kamo hanya. Jirgin yana tsaye a Wolverhampton Anti ta kira ni. Wannan karon ba ihu, muryarta a kwance. Ta ce, "Kawunki ya cika." Sauran tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Wata mata da ke zaune gabana ta miƙo mini ruwan gora, na karɓa na riƙe.

Ni na kira mahaifiyata na gaya mata. Washegari aka binne shi a maƙabartar Handsworth. Hausawan garin sun zo, likitoci da ɗalibai, wasu ma daga Manchester, mutanen da ban taɓa sanin ya san su ba. Mu mata muna gida, muka ji ƙarar motoci sun tafi, muka ji sun dawo. An yi ruwa ranar, duk takalman da aka jera a bakin ƙofa jar laka ce a jikinsu.

Tsohon malamin nasa ya yi ƙoƙari. Ya karɓi babi huɗun da aka gama ya ce zai ga ko za a iya fitar da wani abu daga ciki. Na biyar ɗin ne matsalar. A littattafan rubutu uku yake, da hannu, Kawu ya cakuɗa Larabci da Girkanci da Hausar ajami, wani wurin jimla ɗaya harshe uku. Tsohon ya iya ɗaya, wani ɗalibinsa ya iya na biyu, ni ina ɗan tsintar na uku. Muka zauna sau biyu a ofishinsa mu uku muna haɗawa, ba mu wuce shafi goma ba. Mun karanta kalmomin, amma inda ya dosa da hujjar ba mu gano ba. A zama na biyu tsohon ya rufe littafin ya miƙo mini ya ce ya fi kyau ya zauna wajen iyalinsa.

Anti ta yi takabarta a gidan nan na Handsworth. Na ci gaba da zuwa duk Juma'a. Aka zo aka kwashe gadon asibitin, falon ya zama fili, sawun ƙafafun gadon huɗu a kan darduma. Mukan zauna mu tsince shinkafa ko mu ninke kayan da za ta tafi da su. Da ta fita takaba da sati biyu na raka ta filin jirgi. A wajen sallama ta gyara mini gyale ta ce in riƙa cin abinci, kuma in gama abin da ya kawo ni.

Na gama, da jinkirin shekara ɗaya. Na sake gwajin daga farko, ya yi kyau, sakamakon ya fito yadda ake so. Shugabata ta nemi in zauna in ci gaba da bincike tare da ita, na ce a'a. Yanzu a wani kamfanin fenti nake aiki a bayan gari, ina auna yadda fenti yake zuba da yadda yake tsayawa a bango. Ƙarfe biyar nake tashi daga aiki. Har yanzu ina Gorton, sai dai na sauko ƙasa, ɗakin da ke da ɗan fili a baya. Anti tana Kano wajen babbar 'yarta. Takan kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta ba ni labarin gwiwoyinta da jikokinta, ta tambaye ni ko ana ruwa. Yawanci ana yi.